Yadda Ake Ɗora LNB Da Yawa A Kan Babban Dish Na Gida

Ranar da na sauke dish ɗina mai santimita 80 na kafa mai mita 1.2 a wurinsa, na ɗauka aikin bai wuce a kwance LNB, wato na'urar da ke zaune a ƙarshen hannun dish tana karɓar sigina, daga tsohon hannu a ɗaura a sabo ba. LNB ɗin irin mai kai biyu ne a jiki ɗaya, wanda ake kira monoblok, an ƙera shi don kama taurarin ɗan'adam biyu masu tazarar digiri 6. Na ɗaura, na saita, tauraro na farko ya shigo da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Na biyun kuwa shiru kake ji. Na yini ina hawa ina sauka, na canja waya, na zargi risiba. Sai da rana ta yi sanyi na ɗauko tef na auna, sannan na gane inda gizo ke saƙar: tazarar kawunan monoblok ɗin an yanka ta ne daidai da ƙaramin dish, kuma a babban dish wurin da siginar tauraro na biyu ke taruwa ya matsa gefe da kusan santimita huɗu.

Wannan jagorar ta wanda ke da dish daga mita 1 zuwa mita 1.8 ce, yana so ya kama tauraro biyu, uku ko huɗu ba tare da ya sa mota mai juya dish ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne dish ɗinka kake aunawa, ba abin da aka rubuta a jikin kwali ba, kuma da zarar ka saita tauraron tsakiya ka ɗaure, dish ya gama motsi. Daga nan LNB ne kaɗai ke motsi.

Me ya sa girman dish ke canja komai

Taurarin da muke kallon tashoshi daga gare su suna jere ne a layi ɗaya a saman ikwaita, a nisan kilomita 35,786, suna zagaye daidai da juyawar duniya, shi ya sa muke ganinsu kamar a tsaye suke. Dish madubi ne. Siginar tauraron da ya fuskanta kai tsaye tana taruwa a wuri ɗaya, wato inda masana'anta suka sa maƙalin LNB. Siginar tauraron da ke maƙwabtaka da shi ma tana bugun dish ɗin, sai dai tana taruwa a gefe kaɗan. Aikinmu duka shi ne mu gano waɗannan wuraren na gefe mu ajiye LNB a kowanne.

Idan dish ya ƙara girma, hannunsa yana ƙara tsawo, wuraren taruwar nan kuma suna ƙara nisa da juna. Wannan alheri ne ta wani ɓangaren, domin taurarin da suka matsu da juna, waɗanda a ƙaramin dish LNB biyu ba za su samu wurin zama ba, a babba suna samu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, maƙalin da ka saya don dish mai santimita 80 zai gajarce maka.

Abu na biyu, babban dish idonsa ƙarami ne. A zangon Ku, wato rukunin firikwensin da za mu yi aiki da shi a nan, dish mai santimita 60 yana ganin faɗin sama kusan digiri 3, mai mita 1.2 yana ganin kusan digiri ɗaya da rabi, mai mita 1.8 kuwa kusan digiri ɗaya kacal. Saboda haka kuskuren da ƙaramin dish zai yafe maka, babba ba zai yafe ba. Amma ladan wahalar yana da yawa: mai mita 1.2 ya ninka mai santimita 60 faɗin fuska sau huɗu, kuma wannan rarar ce za ka kashe a kan LNB na gefe, domin kowane LNB da ya bar tsakiya sai ya yi asarar wani abu.

Mataki na farko: zaɓen taurari

Rubuta taurarin da kake so da matsayinsu. Misali, Hotbird yana digiri 13 gabas, Eutelsat 16A yana 16 gabas, Astra yana 19.2 gabas, Badr na Arabsat yana 26 gabas, Nilesat yana 7 yamma. Kafin ka kashe ko sisi, duba taswirar hasken kowane tauraro ka tabbatar siginarsa tana isowa inda kake, kuma ka ga girman dish da ake buƙata a wurin. Tauraro yana iya kasancewa a sararin da kake gani amma haskensa yana fuskantar wata nahiya.

Sai ka duba tazara. A dish na gida da aka saba, ni ba na son LNB ya yi nisa da tsakiya fiye da digiri 10 zuwa 12. Bayan nan sigina tana watsuwa, wurin taruwar ya daina zama ɗigo ya koma kamar shafi, kuma da hadari ya haɗu tashoshin gefen ne ke fara ɗaukewa. Mutane da yawa suna tambayar haɗa Nilesat da Badr a dish ɗaya. Tsakaninsu digiri 33 ne, wannan ya fi ƙarfin dish na yau da kullum. Akwai dish na musamman mai madubi biyu, irin Wavefrontier T90, da aka ƙera don ɗaukar kusan digiri 40, amma wannan wani aikin ne daban.

Wane tauraro zai zauna a tsakiya? Wanda ya fi rauni a wurinka. Kada ka ce wanda ka fi kallo, kada kuma ka ce lallai sai wanda ya faɗo tsakiyar lissafi. Mai ƙarfi zai jure zaman gefe, mai rauni ba zai jure ba. Idan duka ƙarfinsu ɗaya, to sai ka sa na tsakiyar jeri domin a raba asarar.

Ka kuma tabbatar babu bishiya ko gini a hanyar kowanne daga cikinsu. Dish irin ofset, wato mai siffar ƙwai wanda hannunsa ke fitowa daga ƙasa, yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa da kimanin digiri ashirin da 'yan kai. Akwai manhajojin waya da ke nuna maka layin taurari a kan hoton kyamara, suna da amfani sosai a nan.

Mataki na biyu: duba lafiyar dish da turkensa

Kada ka tsallake wannan. Ɗauki zare biyu, ka ja ɗaya daga saman bakin dish zuwa ƙasa, ɗaya daga dama zuwa hagu, su gitta juna. Idan dish ɗin lafiyayye ne, zaren biyu za su taɓa juna da ƙyar a tsakiya. Idan akwai rata a tsakaninsu, ko ɗaya yana danne ɗaya da ƙarfi, dish ɗin ya lanƙwashe. Lanƙwasasshen dish yana iya kama tauraron tsakiya ka yi zaton lafiya lau, amma na gefe za su ba ka wahala. Manyan dish masu ɓangarori da ake haɗawa da noti sun fi fama da wannan matsalar, kuma sau da yawa sassauta notocin a sake ɗaure su a hankali, dish yana kife a shimfiɗaɗɗen wuri, yana gyara ta.

Turken dole ya tsaya cak. Ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ɓangarori biyu na bututun ka gani. Iskar da ke bugun dish tana ƙaruwa ne da faɗin fuskarsa, don haka turken da ya riƙe ƙaramin dish shekara da shekaru ba lallai ya riƙe babba ba. Girgiza shi da hannu. Idan ya motsa, gyara shi kafin komai.

Sannan hannun dish. LNB uku ko huɗu da ƙarfen maƙali da wayoyi nauyi ne a ƙarshen dogon hannu. Idan dish ɗinka bai zo da sandunan tallafi biyu daga gefen baki zuwa ƙarshen hannu ba, ka yi masa. Hannun da ya sunkuya da santimita ɗaya ya riga ya fitar da LNB daga wurin taruwar sigina.

Aikin nan na mutum biyu ne, musamman a kan rufi. Ka nisanci wayoyin lantarki, ka ɗaure tsani, kuma idan ka ji tsawa ka sauko.

Kayan da za ka tanada

LNB ɗaɗɗaya irin yunibasal na zangon Ku, gwargwadon yawan taurarinka. Mafi yawansu wuyansu milimita 40 ne, amma hular gabansu ta kai kusan santimita 6, kuma hular ce ke hana su matsowa kusa da juna. Idan taurarinka sun matsu, nemi siraran LNB masu ƙaramin kai. Sai maƙali mai dogon ƙarfe wanda kowane mariƙi ke iya zamewa dama da hagu, ya hau ya sauka, ya kuma juya. Ka guji maƙali mai ramuka ƙayyadaddu da aka rubuta wa digiri, domin digirin nan na wani girman dish ne. Idan ba ka samu mai tsawon da kake so ba, mai walda ko mai aikin alminiyom zai yanka maka ƙarfe mai tsaga a tsakiya. Alminiyom ya fi, saboda rashin nauyi da rashin tsatsa.

Sai makunnin DiSEqC, wanda masu aikin ke kira daisek, shi ne ke zaɓar LNB ɗin da risiba za ta saurara, sai waya RG6 mai kyau, kawunan F da ake ɗaurawa a ƙarshen waya, tef mai narkewa ya haɗe da kansa don hana ruwa, sifana, filaya, tef na awo, da alƙalamin da ba ya gogewa. Don saiti, mita mai nuna sunan tauraro da ingancin sigina ita ce ta fi. Idan babu, hau da risiba da ƙaramar talabijin kusa da dish. Ƙaramar mitar nan mai ƙara kawai tana gaya maka akwai tauraro, ba ta gaya maka wanne ne ba, kuma a wannan aikin sanin wanne ne shi ne rabin aiki.

Kalma ɗaya a kan dish mai zagaye wanda LNB ɗinsa ke tsaye a tsakiyar fuska da ƙafafu uku ko huɗu. Irin wannan dish ya fi zurfi, yana buƙatar LNB mai bakin da aka yi dominsa. Idan ka sa masa LNB na ofset, tsakiyar dish ɗin kawai zai gani, ka yi asarar girman da ka biya kuɗinsa. Kuma kowane LNB da ka ƙara yana yi wa fuskar inuwa, siginar gefe ma tana saurin lalacewa a kansa. Yana yiwuwa a ƙara ɗaya ko biyu a kusa, amma ofset ya fi dacewa da wannan aikin nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: saita tauraron tsakiya, ka ɗaure

Sa LNB ɗaya a ainihin maƙalin da ya zo da dish. Haɗa shi kai tsaye da mita ko risiba, babu daisek a tsakani. A saitin risiba zaɓi LNB yunibasal, lambobinsa 9750 da 10600. Shigar da firikwensin wata tiransifonda, wato rukunin tashoshin da tauraro ke aikowa a kan firikwensi ɗaya, wadda ka tabbatar tana aiki a yanzu, domin tashoshi suna yawan ƙaura, kuma babu ɓacin lokaci irin neman sigina a tiransifondar da ta mutu.

Saita ɗagawar dish zuwa lambar da manhaja ta ba ka, sannan ka riƙa juya shi gabas ko yamma a hankali ƙwarai, kana ɗan tsayawa bayan kowane motsi, domin risiba tana ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ta nuna. A allon akwai layi biyu, na ƙarfi da na inganci, waɗanda aka fi rubutawa Strength da Quality. Layin ƙarfi yana tashi ko da LNB yana kallon bango. Na inganci shi ne naka.

Da ya kama, sa risiba ta nemo tashoshi ka ga sunayensu, ka tabbatar tauraron da kake nufi ne. Sannan ka tace: dama da hagu, sama da ƙasa, murɗa LNB a cikin mariƙinsa, tura shi gaba ko baya kaɗan. A babban dish layin inganci yakan cika tun ba ka kai ƙololuwa ba, sai ka rasa gane ko kana gaba ko kana baya. Dabarar ita ce ka jiƙa ƙyalle ka rufa a bakin LNB. Sigina za ta sauka, kuma kowane ƙaramin motsi zai bayyana a allo. Ka tace da ƙyallen, sannan ka cire.

Ɗaure notoci kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, idonka na kan allo, domin ɗaurin kansa yana jan dish. Idan ka gama, ja layi da alƙalami daga maƙalin dish zuwa turke, ka kuma yi alama a ma'aunin ɗagawa. Rubuta lambar ingancin da ka samu.

Mataki na huɗu: lissafin wurin LNB na gefe

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Auna daga bakin LNB na tsakiya zuwa tsakiyar fuskar dish. A dish ɗina mai mita 1.2 na samu kusan santimita 80. Ƙa'idar da nake aiki da ita mai sauƙi ce: kowane digiri ɗaya na tazarar taurari yana daidai da kusan kashi 2 cikin 100 na wannan nisan. Asalin lissafin kusurwa yana ba da kashi 1.75, amma da yake mu muna kan doron ƙasa ne, mun fi tsakiyar duniya kusa da taurarin, tazarar da muke gani ta ɗan fi wadda aka rubuta, shi ya sa ya kusanci kashi 2. To a santimita 80, kowane digiri santimita 1.6 ke nan.

Ɗauki misalin Astra a tsakiya. Hotbird yana nesa da shi da digiri 6.2, wato kusan santimita 10 daga tsakiyar wannan LNB zuwa tsakiyar wancan. Badr yana nesa da digiri 6.8, kusan santimita 11 a ɗaya gefen. Hotbird da Eutelsat 16A kuwa digiri 3 ne tsakaninsu, wato ƙasa da santimita 5, LNB biyu na yau da kullum ba za su zauna ba sai sirara. Amma a dish mai mita 1.8 wanda nisansa ya kai santimita 120, digiri 3 ɗin nan sun zama santimita 7 da ɗoriya, sun zauna lafiya. Wannan lissafin wurin farawa ne kawai, mita ce za ta yanke hukunci na ƙarshe.

Yanzu wane gefe? Tunda dish madubi ne, komai a juye yake. Tauraron da ke gabas da na tsakiya, LNB ɗinsa yana zama a gefen yamma. Wanda ke yamma, nasa yana gefen gabas. Haka kuma sama da ƙasa: tauraron da ya fi na tsakiya ɗagawa a sararin sama, LNB ɗinsa yana sauka ƙasa da na tsakiya, wanda ya fi ƙasa kuma nasa yana hawa sama. Na ga mutane sun ɓata awanni suna laluben gefen da ba shi ba saboda hankali yana ce musu tauraron dama LNB na dama.

Daga nan za ka gane cewa ƙarfen maƙalin ba lallai ya kwanta a miƙe ba. Layin taurari a sama baka ne. Idan tauraron tsakiyarka yana kusan saitin layin arewa da kudu na inda kake, ƙarfen zai kusan kwanciya. Idan yana can gabas ko can yamma, ƙarfen zai karkata, kuma karkatar tana kusan daidai da lambar murɗin LNB da manhaja ta ba ka na tauraron tsakiya. Ga wanda ke zaune kusa da ikwaita abin ya fi tsanani, domin bakan taurarin yana tasowa daga gabas ya bi ta saman kai ya faɗa yamma. A nan LNB ɗin sukan jeru kusan ɗaya a saman ɗaya. Hotunan da ke jikin kwalaye, masu nuna LNB a jere gefe da gefe kamar tsuntsaye a kan waya, an ɗauke su ne don ƙasashen da ke nesa da ikwaita.

Wannan yana da wani sakamako da ya kamata ka hango tun wajen zaɓen tauraron tsakiya. LNB ɗin da lissafi ya ce ya sauka ƙasa zai iya cin karo da hannun dish. Idan haka ta faru, ko dai ka mayar da tauraron da ya fi ɗagawa ya zama na ainihin maƙali sauran su hau samansa, ko ka yi maƙali mai lanƙwasa da zai kauce wa hannun.

Mataki na biyar: laluben sigina da hannu

Kafin ka ɗaure komai, haɗa LNB na biyu da mita kai tsaye, ka zaɓi tiransifondar tauraronsa, ka riƙe shi da hannu a wurin da lissafi ya nuna. Tsaya a gefe ko a ƙasa, kada jikinka ko kanka ya tare fuskar dish. Bakin LNB ya kalli tsakiyar dish, kuma nisansa da tsakiyar ya zama kusan daidai da na LNB na farko. Shi ya sa idan an gama za ka ga LNB ɗin sun yi ɗan baka, kowanne ya karkato ciki, ba su tsaya a sahu suna kallon gaba ɗaya ba.

Zagaya da shi a hankali a faɗin da bai wuce tafin hannu ba. Da layin inganci ya motsa, tsaya. Abokin aikinka ya auna nisan wurin daga LNB na tsakiya, gefe nawa, sama ko ƙasa nawa. Yanzu ka san ainihin inda mariƙi zai zauna, sai ka kafa ƙarfen maƙalin daidai da haka.

Bayan ka ɗora ƙarfen da LNB ɗin, koma ka duba ingancin tauraron tsakiya ka gwada da lambar da ka rubuta. Idan ya sauka, nauyi ya sunkuyar da hannu, ko ka bugi dish ba ka sani ba. Gyara wannan tukuna.

Sai tace LNB na gefe a bisa tsari: zamar da shi a kan ƙarfe har inganci ya kai ƙololuwa, ɗaga ko sauke shi, juya bakinsa ya kalli tsakiya sosai, murɗa shi, sannan gaba da baya. Ka maimaita zagayen sau biyu, domin kowane gyara yana taɓa ɗan'uwansa. Murɗin nan kada ka raina shi. Tauraro yana aiko da sigina iri biyu a kan firikwensi masu kusanci, ta tsaye da ta kwance, kuma murɗin ne ke raba su. Idan bai daidaita ba za ka ga wasu tashoshi garau, wasu suna kakkaryewa a tauraro ɗaya. Kowane LNB yana da nasa murɗin, ba dole ya yi daidai da na maƙwabcinsa ba. Gwada tiransifonda ta tsaye da ta kwance, ɗaya a ƙasan zango, wato ƙasa da 11.7 GHz, ɗaya a samansa, kafin ka ce ka gama. Haka za ka yi wa na uku da na huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Jarabar da za ta zo maka ita ce ka ɗan taɓa dish domin na gefe ya ƙaru. Kada ka yi, sai fa idan ka yanke shawara da gangan cewa za ka rage wa na tsakiya ka ƙara wa na gefe, kuma a lokacin sai ka sake tace dukansu daga farko.

Mataki na shida: daisek da wayoyi

Waya ɗaya ce ke sauka zuwa risiba, daisek ne ke zaɓar LNB da za a saurara. Kamfanin Eutelsat ne ya fito da wannan tsarin. DiSEqC 1.0 yana ɗaukar LNB huɗu, 1.1 yana kai wa sha shida, 1.2 kuwa na mota ne. Makunnin da aka rubuta wa 2.0 yana aiki da risiba mai 1.0. Kada ka yi amfani da tsohon makunni mai aiki da sautin 22kHz tare da LNB yunibasal, domin LNB ɗin da wannan sautin yake sauyawa daga ƙasan zango zuwa samansa, sai su riƙa rikici.

Cire risiba daga wuta gaba ɗaya kafin ka haɗa ko ka kwance waya. Risiba tana tura volt 13 ko 18 ta cikin wayar, wasu ma ko suna yanayin barci, kuma daisek ba ya jure tartsatsi. Tartsatsi ɗaya yana iya kashe daisek tun a ranar farko.

Wajen ɗaura kan F, fere wayar da kyau, ka mayar da zaren ƙarfen baya, ka duba da ido kada ko sili ɗaya ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. Na tsakiyar ya leƙo bakin noti da kamar milimita 2 zuwa 3. Yi wa kowace waya lamba a duka ƙarshenta, ka rubuta a takarda: ƙofa ta 1 wane tauraro, ta 2 wane. Wayoyin su bi ta ƙarƙashin hannun dish a ɗaure, kada su rataya suna jan LNB. Daisek ya zauna a bayan dish cikin akwatinsa, ƙofofinsa suna kallon ƙasa, kowace waya ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga domin ruwa ya ɗiga a can. Naɗe kowane haɗi da tef mai narkewa. Ka kuma haɗa turken da wayar da ke shiga gida da sandar ƙasa saboda tsawa.

A risiba, shiga saitin eriya. Ga kowane tauraro zaɓi yunibasal, kunna wutar LNB, bar 22kHz a kan sarrafa kansa, sannan ka ba shi ƙofar daisek da ka rubuta. Wasu risibobin suna kiran ƙofofin A, B, C, D, wasu 1 zuwa 4, duk abu ɗaya ne. Nemo tashoshin kowane tauraro daban.

Idan risiba biyu ce a gidan, kada ka raba waya ɗaya da abin rabawa, domin za su yi ta faɗa a kan wuta da umarni. Sayi LNB masu ƙofa biyu, ka sa daisek biyu, kowace risiba da nata daisek da wayarta. Ka tuna irin waɗannan LNB sun fi faɗi da nauyi, ka sa wannan a lissafin tazararka tun farko.

Idan wani abu ya ƙi

Idan duk taurarin da ka zaɓa tashoshin ƙofa ta 1 suke nunawa, umarnin daisek ba ya isa, ko ba ka kunna shi a saiti ba, ko makunnin ya ƙone. Idan tauraro yana aiki kai tsaye amma ya ɓace ta cikin daisek, sauya shi zuwa wata ƙofar ka gani, haka za ka san ko ƙofar ce ko gajeriyar wayar. Idan tashoshin kwance ne kaɗai suka ɓace, volt 18 ba ya isa LNB, galibi saboda doguwar waya marar kyau ko haɗin da ya yi tsatsa. Idan tashoshin saman zango ne babu, wato daga 11.7 GHz zuwa sama, duba saitin 22kHz. Idan risiba tana rubuta cewa wutar LNB ta haɗe, akwai silin da ya taɓa tsakiya a ɗaya daga cikin kawunan F, sai ka kwance su ɗaya bayan ɗaya.

Idan kuwa komai yana aiki da rana tsaka amma na gefe suna ɗaukewa da an fara yayyafi, rarar siginarsu ce ta yi kaɗan. Sake tace su da jiƙaƙƙen ƙyalle. Idan bai wadatar ba, sai ka musanya: mai raunin ya dawo tsakiya, ko ka haƙura ka ba shi nasa dish ɗin, ka haɗa shi da wannan daisek ɗin a ƙofar da ta rage.

Kafin ka sauko, yi wa kowane mariƙi alama a kan ƙarfe, ka ja layi daga wuyan kowane LNB zuwa mariƙinsa, ka ɗauki hoton jerin daga gaba da gefe, ka rubuta ingancin kowane tauraro a takardar da ka rubuta ƙofofi. Bayan iska mai ƙarfi ta farko, hau da sifana ka duba alamomin ka sake matse notocin, domin sabon ƙarfe yakan ɗan saki a makonnin farko.